Tambayoyi da amsoshi: yadda jaz da soul suka shiga jinin kiɗan drum and bass

Waɗannan su ne tambayoyin da mutane suka fi yi idan sun fara jin drum and bass, musamman irin mai laushin nan da zaka ji fiyano da muryar mace suna yawo a saman ganguna masu gudun tsiya. Na tara su wuri ɗaya ne don a huta da maimaitawa. Kuma bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu, ni a wurina jaz da soul ba kwalliya bace da aka yafa wa kiɗan daga baya don ya shiga gidajen masu kuɗi, da su aka gina shi tun daga tushe.

Wai shi drum and bass ɗin ma menene?

Kiɗan rawa ne da aka haifa a Ingila a farkon shekarun 1990, yawanci a Landan da Bristol, kuma da farko jungle ake ce masa. Abu biyu ne ƙashin bayansa, ganguna masu gudu sosai, bugu 160 zuwa 180 a minti ɗaya, yanzu dai an fi tsayawa wajen 174, sai kuma bes, wato sautin nan mai kauri na can ƙasa, mai nauyi wanda ƙirjinka ke ji kafin kunnenka. Bes ɗin gado ne daga rege da manyan lasifikun 'yan Jamaika da ke zaune a Ingila. Gangunan kuma, to nan ne labarinmu yake.

To ina ruwan soul da kiɗa mai gudu haka? Ai soul a hankali ake yin sa.

Ruwansa kuwa har wuya. Gangar da kake ji tana ɓarin wuta a tsofaffin waƙoƙin jungle ba inji ne ya ƙirƙire ta ba, hannun mutum ne, makaɗin soul na Amurka, aka ɗebo daga faifan garmaho aka ƙara masa gudu.

A 1969 wata ƙungiyar soul daga birnin Washinton mai suna The Winstons ta fitar da waƙar Color Him Father, wadda ta yi kasuwa har ta ci kyautar Grammy. A bayan faifan kuma suka saka wani kiɗa da ba waƙa a kai, Amen, Brother, abin da ba wanda ya damu da shi a lokacin. Wajen minti ɗaya da rabi da farawa sai kowa ya yi shiru, masu busa da masu jita duk suka tsaya, aka bar makaɗin ganga Gregory Coleman shi kaɗai na kusan sakan bakwai. Irin wannan gaɓar da ake barin ganga ita kaɗai ita ake kira birek. Wannan sakan bakwai ɗin shi ne Amen break, kuma wallahi idan ka cire shi daga tarihin jungle abin da zai rage ba shi da yawa. 'Yan hip hop ne suka fara tono shi, ya shiga cikin jerin faifan Ultimate Breaks and Beats a 1986, N.W.A suka yi amfani da shi a Straight Outta Compton, daga nan ya tsallaka teku ya faɗa hannun yaran Landan, su kuma suka ƙara masa wuta har ya zama wani abu daban. Dubban waƙoƙi ne aka gina a kansa.

Me ya sa shi ɗin? Ai akwai makaɗa da yawa.

Sai ka saurare shi a gudunsa na asali zaka gane. Zagaye huɗu ne, kowane zagaye bugu huɗu. Na ɗaya da na biyu iri ɗaya ya buga su, kunnenka ya saba, ka ɗauka ka san abin da ke zuwa. A na uku sai ya jinkirta bugu ɗaya na ƙaramar gangar nan mai ƙara, kaɗan kawai, a na huɗu kuma ya bar farkon zagayen fanko sannan ya doki faifan ƙarfen nan kafin lokacin da kake tsammani. Wannan ɗan tuntuɓen da gangan shi ne sirrin. Ga kuma ƙananan bugun da yake sakawa a tsakani, waɗanda da ƙyar ake jin su amma idan babu su kiɗan sai ya bushe, ga amon ɗakin da aka naɗi sautin, ga wani ƙas-ƙas da naɗin zamanin ya bari a jikin gangar. Injin ganga na wancan lokacin ba zai taɓa baka wannan ba, komai nasa daidai yake kamar an auna da rula, shi kuwa Coleman mutum ne, hannunsa na ɗan gaba yana ɗan baya, kuma ko an ƙara masa gudu zuwa 170 wannan numfashin baya ɓacewa.

An biya shi kuwa?

Ko sisi. Wannan ne wurin da yake min ciwo a duk labarin. Gregory Coleman ya rasu a Atlanta a 2006 ba shi da ko wurin kwana, alhali a daidai lokacin hannunsa na kaɗawa a kulob-kulob daga Landan har Tokyo, ana sayar da faifai, ana tallan kaya a talabijin da bugunsa. Shugaban ƙungiyar Richard Spencer shi ma bai samu kuɗin haƙƙin mallaka ba, sai a 2015 wasu DJ biyu a Birtaniya suka buɗe asusun taimako a intanet aka tara masa sama da fam dubu ashirin. Abin kirki ne suka yi, Allah ya saka musu, amma kyauta daban biyan bashi daban. Duk wanda yake son kiɗan nan ya kamata aƙalla ya san sunan mutumin.

Amen ne kaɗai ake amfani da shi?

A'a. Akwai na waƙar Think (About It) ta Lyn Collins ta 1972, wadda James Brown ya shirya, Jabo Starks ne a kan ganga, shi wannan ya fi sauƙi da tsabta shi ya sa masu kiɗa mai laushi suka fi son sa. Akwai Funky Drummer na James Brown ɗin kansa da Clyde Stubblefield, akwai Apache na Incredible Bongo Band na 1973. Duk gidan soul da fonk ne.

Ta yaya yaran Landan na 1992 suka san faifan Amurka na zamanin iyayensu?

Ai a gida suka tashi suka same su. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa kiɗan nan 'ya'ya ne da jikokin mutanen Karibiyan da suka zo Ingila tun daga 1948 lokacin da jirgin ruwan Windrush ya iso da su, kuma a gidajen nan garmaho baya hutawa, rege yau, soul gobe, jaz ranar Lahadi. Sannan a shekarun 1980 aka yi wani yayi a Landan na tono tsofaffin faifan soul da fonk da aka manta da su, wanda ake kira rare groove, Norman Jay na cikin manyan da suka yaɗa shi a Kiss FM tun lokacin tashar bata da lasisi. Su Roy Ayers da Lonnie Liston Smith da Donald Byrd a kunnen waɗannan yaran suka girma. Fabio, ɗan Brixton, wanda shi da Grooverider ake ɗauka a matsayin iyayen jungle saboda daren Rage da suke yi a kulob ɗin Heaven, shi kansa da soul da fonk ya fara a gidan rediyon bayan fage kafin ya koma kiɗan rawa na zamani. Don haka ranar da na'urar ɗiban samfur, wato mai naɗar guntun sauti daga faifai don a sake amfani da shi, ta faɗo hannunsu ba sai sun je neman abin da zasu ɗiba ba, yana nan jere a kan kanta a falo.

Da wane kayan aiki suke yin wannan?

Ba wani babban sitidiyo, yawanci ɗakin kwana ne. Kwamfuta Atari ST da manhajar Cubase, sai na'urar ɗiban samfur ta kamfanin Akai, S950 ko S1000, sai ƙaramin tebur na haɗa sauti. S950 ɗin idan baka ƙara mata ba ma'ajiyarta bata kai megabayit ɗaya ba, hoto ɗaya na wayarka ya fi ta nauyi, don haka dole ka yi tsimi, sakan kaɗan zaka ɗiba ka san yadda zaka yi da shi.

Abin da suke yi shi ne su naɗi birek ɗin daga faifai, su yanka shi gunduwa-gunduwa, babbar ganga daban, ƙarama daban, faifan ƙarfe daban, kowane yanki a ɗora shi a kan maɓalli ɗaya na allon fiyano, sannan a sake jera su yadda makaɗin bai taɓa bugawa ba. Kamar tela ne ya kwance tsohuwar babbar riga ya sake ɗinka wani abu da ita, yadin na da ne, aikin zaren na da ne, amma abin da ya fito ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Wani zai juya bugu ɗaya ya koma da baya, wani ya maimaita ƙaramar ganga sau takwas a jere yana ɗaga muryarta a hankali har ta zama kamar waƙa. Mutum zai kwana a kan zagaye goma sha shida.

Ta yaya muryar soul ke zama a kan ganga mai gudun 170 bata zama shirme ba?

Da farko ta zama ɗin. Idan ka ji faifan 1991 da 1992 zaka ji muryoyin mata sun koma siririya kamar ta yara, saboda idan ka ƙara wa faifai gudu murya ma sai ta hau sama. Abu biyu ne suka gyara wannan. Na farko na'urorin Akai ɗin nan suna iya ja ko matse tsawon sauti ba tare da sun taɓa kaurin muryar ba. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, lissafi ne mai sauƙi, rabin 170 shi ne 85, kuma 85 ai gudun soul ne da rege da hip hop. Sai ganga ta yi ta gudunta a sama, bes da murya su taka a hankali a rabin gudun, duka biyun su zauna lafiya a waƙa ɗaya. Shi ya sa a wurin rawa zaka ga wani yana tsalle kamar zai tashi sama, na kusa da shi kuma yana rangaji a hankali, kuma dukansu a kan kiɗa suke.

A 1994 M-Beat ya sake yin Sweet Love ta Anita Baker da muryar Nazlyn a kan gangar jungle. Amma wadda ta buɗe ƙofa gaba ɗaya ita ce Inner City Life ta Goldie, ita ma 1994, da muryar Diane Charlemagne 'yar Manchesta, wadda dama mawaƙiyar soul ce tun shekarun 1980 a ƙungiyar 52nd Street. A albam ɗin Timeless na 1995 waƙar wani ɓangare ce na kiɗa guda mai tsawon minti 21. Ka saurari yadda take jan kalma ɗaya tsawon lokaci ganguna na farfashewa a ƙarƙashinta, bata bin su bata gudun su, tana maganar matsin rayuwar cikin birni da muryar wadda ta san abin. Ta rasu a 2015. Ni har yau ban ji wanda ya zauna a kan birek kamar ta ba.

To wannan soul kenan. Jaz fa ta ina ya shigo?

Ta ƙofa biyu, kuma ba iri ɗaya bane.

Ta farko LTJ Bukem ne, wanda ya tashi a Watford, ya koyi fiyano tun yana yaro, kuma jaz ɗin shekarun 1970 irin na Chick Corea da Herbie Hancock da Lonnie Liston Smith shi ya raine shi. Abin da ya ɗauko daga wurinsu ba busa bace, haɗin sautuka ne, wato maimakon a danna maɓalli uku a fiyano a samu sauti mai daɗi ko mai baƙin ciki kai tsaye, sai a danna biyar ko shida a samu wani abu a tsakani wanda baka iya cewa murna ce ko kewa. Da kuma fiyanon lantarki na Fender Rhodes mai amo kamar ƙararrawa. Ka ji Music ta 1993 a kamfaninsa Good Looking ko Horizons ta 1995, zaka ji sauti ya shimfiɗu a baya yana tafiya a hankali ganga na aikinta. A 1994 shi da Fabio suka buɗe daren Speed a Mars Bar a tsakiyar Landan don irin wannan kiɗan kawai, kuma MC Conrad wanda ya rasu a 2024 shi ne muryar da ke raka Bukem, baya ihu, magana yake a hankali cikin kiɗan kamar shi ma kayan kiɗa ne.

Ƙofa ta biyu Bristol ce, kuma nasu ya fi ƙashi. Roni Size da Krust da DJ Die da Suv sun ɗauko babban bes ɗin nan na katako wanda ake tsayawa a ja igiyarsa da yatsu, da salon tafiyarsa a jaz, suka ɗora a kan ganga busasshiya mai tsalle. Tun 1994 suna fitar da irin su It's a Jazz Thing da Jazz Note a V Recordings. Sannan suka haɗu a matsayin Reprazent da mawaƙiya Onallee da Dynamite MC suka yi albam ɗin New Forms a 1997 a kamfanin Talkin' Loud na Gilles Peterson, kuma ya ci kyautar Mercury ta shekarar, wadda ake ba albam ɗin da ya fi fice a Birtaniya da Ayalan, ya kayar da OK Computer na Radiohead da albam ɗin The Prodigy da na Spice Girls, abin da ya girgiza 'yan jaridar kiɗa na Ingila. Brown Paper Bag ita ce shaida, minti tara, Si John a kan bes ɗin katako, kana jin ƙarar igiya tana dukan itace da yatsa yana zamewa, kuma sai da aka ja maka rai sosai kafin bes ɗin ya sauka da nauyinsa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai su Alex Reece da Pulp Fiction ta 1995, da Peshay, da Adam F wanda ya gina Circles a kan wani yanki na Westchester Lady ta Bob James. Wani abin sha'awa kuma, kulob ɗin Blue Note da ke Hoxton inda Metalheadz, kamfanin su Goldie, suke daren Lahadinsu a lokacin, kafin nan gidan jaz ne mai suna Bass Clef.

Amma tsakani da Allah wannan jaz ne na gaskiya, ko dai ɗora saksofon ne a kan ganga?

Tambaya mai kyau, kuma masu sukar suna da gaskiya a wani wurin. Wajen 1996 da 1997 da manyan kamfanoni suka ga akwai kuɗi, an fitar da tarin faifai da ba komai a ciki sai birek mai sanyi da wani ɗan busa da aka ɗebo aka maimaita, kiɗan da ake sakawa a shagon sayar da tufafi ba wanda ya juya. Wannan ba jaz bane kuma ba jungle bane. Jaz ai zuciyarsa ƙirƙira ce nan take, makaɗa suna sauraron juna suna amsa wa juna, kuma mutum ɗaya a gaban kwamfuta da ƙarfe uku na dare ba haka yake aiki ba.

Amma ni inda nake jin jaz ɗin gaske a kiɗan nan ba a busa bane, a gangar ne. A yawancin kiɗan rawa ganga aikinta ta riƙe lokaci kawai sauran kaya su yi magana. A jaz tun zamanin su Max Roach da Elvin Jones da Tony Williams ganga ita ma magana take. To jungle ya ɗauki wannan ya kai shi ƙarshe, ganga ce mai jan gaba, ita ke canzawa kowane zagaye, sauran kaya ne ke tsaye. Ka saurari Photek, The Hidden Camera ta 1996 ko albam ɗin Modus Operandi na 1997, kusan ba wani busa, amma yadda yake barin fili, yadda bugu ke zuwa inda baka zata ba, yadda shiru kansa yake aiki, duk wanda ya saba da jaz zai gane yaren. Ƙirƙirar tana nan, sai dai a hankali aka yi ta cikin kwanaki maimakon a cikin minti biyar a kan dandamali.

Kowa yana ambaton 4hero. Me suka yi na daban?

4hero ɗin su ne Marc Mac da Dego, 'yan Dollis Hill a arewa maso yammacin Landan, masu Reinforced Records tun 1989, kuma a wurinsu Goldie ya fara. Abin da ya bambanta su shi ne basu tsaya a ɗiban samfur ba, sun koma sun koyi yadda aka yi faifan da suke ɗiba. Gwarzonsu Charles Stepney ne, mai tsara kiɗa na Chicago wanda ya yi aiki da Rotary Connection da Minnie Riperton da Earth, Wind & Fire. Daga Parallel Universe na 1994 zuwa Two Pages na 1998 zaka ji sun kawo masu goge irin na turawa da masu busa da makaɗin ganga na gaske cikin sitidiyo, ga Ursula Rucker tana karanta waƙe a Loveless. A 2001 kuma suka sake yin Les Fleurs ta Minnie Riperton ta 1970. Idan kana son ka ji inda drum and bass ya rungumi soul har ya kusa daina zama drum and bass, nan ne.

Na ji ance an yi rigima a kan wannan salo mai laushi. Gaskiya ne?

An yi. Wajen 1994 da 1995 'yan jarida da wasu masu shirya wasa suka fara kiran salon su Bukem da sunan kiɗan masu hankali, abin da ke nufin sauran jungle ɗin, wanda ke ɗauke da muryoyin raga na Jamaika irin su Original Nuttah ta Shy FX da UK Apachi ko Incredible ta M-Beat da General Levy, na marasa hankali ne kenan. Kuma kowa ya san su waye ke cika wuraren rawar raga jungle, baƙaƙen yara ne na unguwannin talakawa. Mutane sun ji zafin abin kuma suna da hujja. Abin takaicin shi ne duk ɓangarorin biyu kiɗan baƙar fata ne, ɗaya ya jawo daga Kingston ɗaya daga Chicago da Niyok, kuma Amen ɗin dai shi ne a ƙarƙashin duka.

Daga nan sai me ya faru? Naji drum and bass na ƙarshen shekarun 1990 kamar ƙarar injin niƙa.

Haka ne, daga 1996 salo mai duhu da ƙarfe ya karɓe fili, su Ed Rush da Optical da kamfanin No U-Turn, murya ta ɓace, fiyano ya ɓace, kuma mata da yawa suka daina zuwa wuraren. Akwai gwaninta a ciki, ban raina shi ba, amma an yi shekaru kiɗan ba ɗumi.

Fabio ne ya riƙe wutar. A lokacin yana da kamfaninsa Creative Source, yana da shiri a BBC Radio 1 shi da Grooverider, kuma wajen 2000 ya fara tura wani salo da ya kira liquid funk, wato a dawo da soul da fonk da disko amma a bar gangar da ƙarfinta don a yi rawa. A 2001 ya fitar da Musique Concrete na Calibre, wani mutumin Belfast mai shiru-shiru wanda zai ɗauki ɗan guntun fiyano da rabin kalma daga tsohuwar waƙa ya gina minti shida a kai kuma baka gajiya. A Manchesta ga Marcus Intalex da kamfaninsa Soul:r. A Landan ga Hospital Records da Tony Colman da Chris Goss suka kafa a 1996, kuma Colman ɗin dama daga ƙungiyar acid jazz mai suna Izit ya fito, daga baya ya maida London Elektricity ƙungiya mai makaɗa na gaske a kan dandamali. Su ne suka fito da High Contrast ɗan Wales da True Colours a 2002.

Brazil kuma ta ina ta shigo?

Ta Sao Paulo. DJ Marky da XRS suka ɗauki jitar Carolina Carol Bela ta Jorge Ben da Toquinho suka yi LK, da Stamina MC a kai, ta shiga cikin waƙoƙi ashirin na sama a Birtaniya a 2002. Samba da bosa nova dama 'yan uwan jaz ne na kusa, don haka ba a sha wahalar haɗa su ba.

Su makaɗan jaz ɗin sun karɓi abin ko sun raina shi?

Wasu sun raina, amma waɗanda suka saurara da kyau abin ya kama su, musamman makaɗan ganga. Jojo Mayer, ɗan Suwizalan da ke zaune a Niyok, ya kafa ƙungiyar Nerve a ƙarshen shekarun 1990 don abu ɗaya, ya koyi buga da hannunsa abin da yaran nan suka yanka da inji. Ka duba yadda abin ya zagayo, hannun Coleman ya shiga inji, inji ya jujjuya shi ya fitar da abin da ake ganin mutum ba zai iya ba, sannan wani mutum ya zauna shekaru yana atisaye har ya iya. Cleveland Watkiss, mawaƙin jaz na ƙungiyar Jazz Warriors, shi ne ke riƙe makirfo a daren Metalheadz. Squarepusher gwanin jitar bes ne da ya haɗa salon jaz na lantarki da birek masu hauka a Hard Normal Daddy na 1997. Erik Truffaz mai busa begila ya yi Bending New Corners a kamfanin Blue Note a 1999. Herbie Hancock da kansa ya yi aiki da A Guy Called Gerald a Future 2 Future na 2001. Kuma idan ka ji makaɗan jaz na Landan na yanzu irin su Yussef Dayes da Moses Boyd, jungle na nan a wuyan hannunsu, da shi suka tashi.

Yanzu fa, abin ya wuce ne?

Ina fa. A 2021 PinkPantheress ta ɗora muryarta a kan Circles ɗin Adam F a waƙar Break It Off, yara a TikTok suka yi ta yayinta, yawancinsu basu san cewa a ƙarƙashi akwai faifan 1995 wanda shi ma a ƙarƙashinsa akwai Bob James na 1976 ba. Nia Archives kuma, wadda aka haifa a Bradford, tana rera waƙa da kanta a kan birek ɗin da ita ta yanka, albam ɗinta Silence Is Loud ya shiga jerin 'yan takarar Mercury a 2024. Calibre na nan yana fitarwa, Lenzman a Holan da kamfaninsa The North Quarter shi ma soul ɗin yake bi.

Da me zan fara, kuma da me zan saurara?

Ka fara da Amen, Brother ɗin kanta, duka, ba guntun ba, don kunnenka ya san fuskar gangar kafin a canza mata kama. Daga nan Inner City Life, sai Horizons, sai Brown Paper Bag mai tsawon, ba wadda aka gajarta don rediyo ba. Idan waɗannan sun zauna maka sai ka shiga Two Pages da Musique Concrete, Photek kuma ka ajiye shi sai kunnenka ya saba, don shi baya lallashin mai sauraro.

Dan Allah kuma kada ka yanke wa kiɗan nan hukunci da lasifikar waya. Bes ɗin yana zaune ne can ƙasa inda ƙaramar lasifika bata iya fitarwa sam, abin da zaka ji kawai ƙas-ƙas ɗin ganga ne, rabin waƙar kenan, kuma rabin da ke tafiya a hankali wanda ke ɗauke da soul ɗin shi ne ya ɓace. Ka samu iyafis mai rufe kunne ko lasifika mai babban baki, ko motar da aka saka wa ufa, wato lasifikar bes, a but, ka bar waƙar ta kai ƙarshe, don yawancinsu an yi su ne don DJ ya haɗa da wata, minti ɗaya ko biyu na farko shimfiɗa ce kawai kafin bes ya sauka.